Horon Ƙeƙe-da-ƙeƙe ga Manajoji a Zangon Hausawan Agege: Gadon Maigida da Bukatun Kasuwar Legas

Tsakure

Maƙalar ta dubi manajojin ƙanana da matsakaitan harkokin kasuwanci a unguwannin Hausawa na Legas, musamman Agege, ta fuskar iya magana da iya riƙon mutane. Ta bi sawun alaƙar maigida da yaronsa tun zamanin fataucin goro, sannan ta auna ta da sakamakon binciken da aka gudanar a Amurka da Kenya da Indiya da Kolambiya da Nijeriya. Matsayar maƙalar ita ce Bahaushe ya daɗe da sanin horon mutum ɗaya a hannun mutum ɗaya, amma ya haɗa mai horarwa da mai dukiya a jiki guda, shi ya sa manaja ba shi da inda zai faɗi abin da bai iya ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba ya ga mutumin da nake magana a kansa, ko da bai lura da shi ba. Shi ne wanda yake tsaye a gindin tirela da waya biyu a hannu. A ɗaya Alhaji ne daga Kano ko Funtuwa yana tambayar nawa kwando ya kama yau, a ɗayar kuma direba ne da aka tsare a hanya. 'Yan dako suna jiran ya ce a fara sauke kaya, dillali yana jan hannun rigarsa, mai karɓar kuɗin ƙasa yana miƙo masa rasit, wata mai sari tana taya kaya da Yarbanci. Kayan ba nasa ba ne, amma in suka ruɓe shi za a tuhuma. A kasuwa ana ce masa wakili ko babban yaron Alhaji, 'yan zamani kuma su ce manaja.

A wannan maƙala, manaja shi ne duk wanda aka damƙa wa dukiyar wani da mutanen wani ya juya su: mai kula da sito, da mai riƙe da shagon canji, da shugaban direbobi a garejin manyan motoci, da hedimastan Islamiyya mai zaman kanta, da uwargidan da ke tafiyar da gidan abinci da ma'aikata goma a ƙarƙashinta. Horon ƙeƙe-da-ƙeƙe kuwa zama ne na mutum biyu kawai, gogagge da mai tasowa, a kan lokaci sananne, ana maimaita shi, kuma abin da ake tattaunawa shi ne aikin da mai tasowar yake fama da shi a wannan makon. Gogaggen zan riƙa kiransa jagora.

2.0 Yadda Agege ta zama zango

Goro da jirgin ƙasa ne suka kafa zangon Hausawa a Agege. An fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Kafin wannan lokaci, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja da Asante yake fitowa, fatake suna ɗauko shi a kan jakuna, tafiyar watanni, ƙarƙashin madugu, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Da hanyar ruwa ta buɗe, sai wasu fatake suka koma loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gana ta yanzu zuwa Ikko, wato Legas, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka ci ribar wannan hanya. A daidai wannan zamani noman irin goron da Hausawa suke so ya bazu a yankin Agege da Ota, ya wuce zuwa Shagamu, abin da Babatunde Agiri ya yi wa nazari mai zurfi. Ga gona, ga tashar jirgi. Masu saye suka zo suka sauka, masu saukar baƙi suka gina gidaje, mahauta da malamai da wanzamai suka biyo baya.

Daga baya shanu da kayan gwari da hatsi da canjin kuɗi da sufuri suka shigo, zangunan suka yawaita: Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago, Ijora. Amma tsarin da aka gina kasuwancin a kai bai sauya sosai ba. Dukiya tana Arewa, kasuwa tana Kudu, tsakaninsu tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma dole a samu amintaccen da zai tsaya a wannan bakin.

3.0 Makarantar maigida

Wanda ya fi kowa fayyace wannan tsari shi ne Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, bayan zaman da ya yi a can a farkon shekarun 1960. Duk da cewa Sabo ya nazarta, abin da ya gani ya yi daidai da sauran zangunan ƙasar Yarbawa. Maigida shi ne ginshiƙi. Yana saukar da falke, yana ajiye masa kuɗi, yana haɗa shi da dillali, kuma shi ne yake tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sa bashi. Idan mahauci ya gudu, maigida ne zai biya. A ƙarƙashinsa akwai dillalai da akawu da yara, waɗanda yake ciyarwa, yake tufatarwa, yake yi wa aure idan lokaci ya yi. Polly Hill ta ga irin wannan a Kumasi a rubutunta na 1966, Emmanuel Grégoire kuma ya gan shi a wurin Alhazan Maraɗi a littafinsa na 1986, inda ya nuna cewa attajiri ba ya cika attajiri sai ya tara arzikin mutane bayan arzikin kuɗi.

Ina ganin kuskure ne babba a ɗauki wannan a matsayin bauta ko zaman cin tuwo kawai. Makaranta ce, kuma ta yaye ƙwararru. Yaron da ya shekara biyar yana kwance huhun goro yana sake ɗaurewa ya san daushe daga sabo, ya san goron da sankara ta shiga tun kafin a fasa shi, ya san yawan ruwan da ganye yake bukata. Yaron kara yana duban sa ya faɗi abin da zai yi a mayanka, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Sama da duka, yana koyon mutane: wane ne in ya ce gobe to goben ce, wane ne ba a ba shi bashi sai da shaida. Ba a koyar da wannan a aji. Da kallo ake ɗaukarsa, da aike, da zama a bakin tabarma ana jin yadda manya suke ƙulla ciniki su kwance rigima. Manyan attajiran da ake ji da su a yau ma ta nan suka bi. Aliko Ɗangote a gidan kakansa Alhaji Sanusi Ɗantata ya tashi, kuma da rancen cikin gida ya fara kasuwanci a 1977 kafin harkarsa ta kafu a Legas.

Akwai wata makarantar da ta fi wannan kama da abin da nake kira a yi, wato makarantar zaure. A can kowane ɗalibi da littafinsa. Idan layi ya zo kansa sai ya matso gaban malam, ya ja baƙi, malam ya fassara, ya gyara masa a daidai inda ya yi tuntuɓe, ba a inda wani ya yi ba. Mai Ahalari da mai Risala suna zaure ɗaya, amma kowa da karatunsa. A fagen mulki ma haka magabata suka yi. Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajibcin sarakuna a ƙarshen ƙarni na 15, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa domin Ummarun Dallaje na Katsina. Nasiha ce daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya da aka ɗora wa nauyin jama'a. Saboda haka idan kamfanonin ba da shawara suka zo da horon ƙeƙe-da-ƙeƙe a matsayin sabon abu daga Turai, sai mu ce musu mun san shi, tun da daɗewa.

4.0 Inda gadon ya gaza

Tambayar ita ce me makarantar maigida take koyarwa, me kuma ta bari. Tana koyar da amana da sanin kaya da haƙuri da ladabi. Siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara a 1974, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci, kusan duka ana samunsu a wurin yaron da ya tashi a hannun maigida na gari. Abin da ba ta koyarwa shi ne yadda ƙarami zai kai wa babba labari mara daɗi, da yadda wanda aka ɗora a kan sa'o'insa zai gyara musu kuskure ba tare da ya ci musu fuska ba.

Dalilin a fili yake. A wannan tsari malaminka shi ne mai dukiyar, shi ne mai ba ka abinci, wataƙila shi ya yi maka aure, wataƙila ma ƙanin mahaifinka ne. Ta yaya za ka dube shi ka ce, Alhaji, ban gane lissafin nan ba? Ta yaya za ka ce, Baba, ɗanka da ka turo mini shi ne yake ɗibar kuɗin ciniki? Abin da ake ji a waya shi ne: lafiya lau, Alhaji, ba komai, ranka ya daɗe, an gama, in Allah ya yarda. Kalmar "to" ita kaɗai tana ɗauke da na ji, da na yarda, da ban yarda ba amma ba zan iya musu ba, kuma mai dukiya da ke Kano ba ya ganin fuskar mai faɗinta balle ya tantance wacce ake nufi. Haka ƙaramar asara take kwana tana girma. Manaja yana rufe ramin jiya da cinikin yau, yana fatan kasuwa za ta gyaru kafin Alhaji ya zo, har ranar da asiri zai tonu. Daga nan sai a ce ya ci amana. Sau da yawa bai ci ko kwabo ba, bakinsa ne ya yi nauyi a ranar da ya kamata ya yi magana. Wannan abu yana ci mini rai, domin na ga zumuncin shekaru ya tsinke a kansa, an bar yaro da tabon da zai bi shi har garinsu.

Ta ɓangaren na ƙasa da shi kuma matsalar ta juya. Wanda bai taɓa ganin an yi gyara cikin sirri ba, idan ya samu iko, hanya biyu ya sani: ko ya yi shiru yana ƙunshe da fushi, ko ya fashe da faɗa a gaban jama'a. Bahaushe yana iya jure ƙarancin albashi, amma ba ya manta wanda ya tozarta shi a bainar mutane. Yaron shago da aka yi wa tsawa a gaban mai saye ba zai ce uffan ba. Bayan sallah ne kawai za a ga bai dawo ba.

Sannan a yawancin lokaci wanda ya fi iya ciniki shi ake naɗawa manaja. Wannan ba ciwon Hausawa kaɗai ba ne. Laurence Peter ya yi magana a kansa tun 1969, kuma a 2019 Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue suka bi bayanan masu tallan kaya a kamfanoni fiye da 100 a Amurka, suka tarar cewa gwanayen sayarwa su aka fi ɗaukakawa, kuma su ne suka fi zama raunanan manajoji. Iya sayar da shanu daban, iya riƙe mutum goma sha biyu masu sayar da shanu daban.

5.0 Abin da Legas ta ƙara a kai

Legas ba ta sauƙaƙa wa manajan Bahaushe ba. A yini guda yana bukatar harshe huɗu: Hausa ga maigida da yara, Yarbanci ga mai gidan haya da masu sari, broka ga 'yan tasha, Turanci ga banki da jami'an gwamnati. Haifaffen Agege yana jin Yarbanci kamar ruwa, amma wani lokaci Hausarsa ba ta da irin lanƙwasar da dattijon Katsina yake sa ran ji daga yaro. Wanda ya zo ci-rani kuma ladabinsa cikakke ne, sai dai sunkuyar da kai da ya koya a gida jami'in Legas yana iya fassara shi da rashin gaskiya, shi kuma yana jin ɗaga muryar mutanen Ikko kamar zagi alhali ciniki kawai ake yi. Manaja ne yake tsaye a tsakanin waɗannan duka, yana yin tafinta ba na kalmomi kaɗai ba har da na ɗabi'u.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna nauyin wannan matsayi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, kuma wakilan da ke Legas su ne suka fuskanci abokan ciniki da suka riga suka ba da kuɗi. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira, sakamakon sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa kasuwar da ta saba da tsabar kuɗi komawa taransifa da na'urar POS cikin 'yan makonni. Manajoji da yawa sun riƙa karɓar kuɗin maigida a asusunsu na kansu, abin da ya haɗa dukiya biyu wuri ɗaya ya buɗe ƙofar zargi. A Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta rufe kasuwar Mile 12 saboda tsabtar muhalli, a Yunin 2025 kuma ta rufe mayankar Oko-Oba kan irin wannan dalili, kafin a sake buɗe su. A kowane karo, abin da ake bukata shi ne mutumin da zai iya zama da hukuma ya fahimci sharuɗɗa, ya dawo ya fahimtar da yaransa, ya kira maigida ya gaya masa gaskiyar abin da za a kashe. Waɗanda suka san rikice-rikicen da suka faru a Ketu da Mile 12 a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, sun san kuma cewa a wannan gari ƙaramar cacar baki a bakin kasuwa tana iya zama wutar da za ta ci rayuka. Wanda yake da yara ashirin a ƙarƙashinsa, harshensa yana cikin abubuwan da ke tsare unguwa.

6.0 Me bincike ya nuna

Amsar da aka saba bayarwa ita ce bita: a tara mutane a otal, a yi musu lacca kwana uku, a raba takardar shaida. Legas ba ta rasa cibiyoyin horarwa ba. Akwai Cibiyar Manajoji ta Nijeriya da aka kafa a 1961, da Makarantar Kasuwanci ta Legas tun 1991, da Gidauniyar FATE tun 2000, da shirin Gidauniyar Tony Elumelu da ya fara a 2015, wanda ya haɗa jari da horo da jagoranci. Aikinsu yana da amfani. Amma harshensu Turanci ne, ƙofar shigarsu fom ne a intanet, kuma mai tsaron sito a Agege wanda karatunsa na allo da zaure ne ba shi aka yi wa ɗinkin ba.

Binciken da ya fi kusa da halinmu shi ne wanda Wyatt Brooks da Kevin Donovan da Terence Johnson suka wallafa a 2018, daga unguwar Dandora ta Nairobi. Sun raba mata masu ƙananan sana'o'i kashi uku: wasu aka sa su a aji, wasu aka haɗa kowace da gogaggiyar 'yar kasuwa daga unguwar, wasu aka bar su yadda suke. Waɗanda aka haɗa da jagora ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, 'yan aji kuwa sun sauya wasu ɗabi'u amma ribarsu ba ta motsa ba. Abin da jagorar ta bayar ba ka'idojin littafi ba ne, sanin gari ne, kamar inda ake samun kaya da araha. Sai dai akwai gargaɗi a ciki: da zaman ya yanke, ribar ta koma inda take. Horon da ba a ɗore da shi ba yana bushewa.

A Indiya, Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun tura masu ba da shawara cikin masaƙun da ke kewayen Mumbai, suka zauna da manajoji a bakin aiki na watanni. Rahotonsu na 2013 ya nuna ingancin aikin samarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Abin da ya fi jan hankalina a wannan aiki shi ne dalilin da ya hana masaƙun girma tun farko: masu su ba sa sakin ragama ga wanda ba ɗan gida ba, har ya zama yawan 'yan'uwa maza a gida shi ke nuna iyakar girman kamfani. Da bayanan aiki suka fara isa ga mai masaƙa a kan kari, sai ya fara sakar wa manaja mara. Duk wanda ya san gidajen kasuwancinmu zai ga fuskarmu a wannan madubi. Rashin yarda da rashin samun labari tagwaye ne.

Adalci ya sa in kawo abin da bai goyi bayana ba. A Kolambiya, Leonardo Iacovone da William Maloney da David McKenzie sun gwada ba da shawara ga kamfani ɗaya-ɗaya da kuma ga ƙananan rukunoni a masana'antar kayan gyaran mota, suka ga na rukuni ya yi aiki daidai da na ɗaya-ɗaya da kusan sulusin kuɗinsa. A nan Nijeriya kuma, Stephen Anderson da McKenzie sun yi gwaji da ƙananan kamfanoni 753, suka wallafa a 2022 cewa ɗauko ƙwararren akanta ko mai talla ya yi wa kamfani aikin ya fi koya wa mai kamfanin yin sa a aji. Na karɓi duka biyun. Idan matsalar lissafi ce, a ɗauki akawu. Idan ta tsarin ajiye kaya ce, a koyar a rukuni. Amma matsalar da na bayyana a sama ta kunya ce da nauyin baki, kuma mutumin da ya kasa faɗin rauninsa a gaban mutum ɗaya ba zai faɗe shi a gaban abokan gasarsa takwas ba.

7.0 Siffar zaman da nake ba da shawara

Sharaɗi na farko, wanda sauran duka suka rataya a kansa: jagora kada ya zama mai dukiyar, kada kuma ya zama mai kai masa rahoto. Kathy Kram, wadda ta nazarci alaƙa 18 tsakanin manya da ƙananan manajoji a wani kamfani a Amurka ta wallafa a 1983, ta raba amfanin jagora gida biyu: abin da yake yi wa aikinka, kamar buɗe maka ƙofa da kare ka, da abin da yake yi wa zuciyarka, kamar saurare da ba da shawara da sa ka yarda da kanka. Maigida na gari yana cika na farko. Na biyun ne ba zai iya ba, ko da yana so, domin duk abin da ka faɗa masa zai shiga lissafinsa a kanka. Dole a raba kunnen da ke saurare da hannun da ke biya.

Irin wannan jagora yana nan a zango. Akwai dattawan dillalai da ƙafa ta yi wa nauyi suka daina shiga kara, da tsofaffin direbobin da suka zama shugabanni, da ma'aikatan banki da na kwastan da suka yi ritaya suka zauna a Agege, da Hajiyoyin da suka shekara talatin suna sana'ar abinci ko atamfa. Zai fi kyau jagora ya fito daga wata sana'a dabam da ta ɗalibinsa, mai goro ya riƙe ɗan canji, mai sufuri ya riƙe ɗan gwari, don kada tsoron fitar sirrin ciniki ya rufe bakin yaro. Mace kuma a haɗa ta da mace. Haɗin mace da mace ya dace da addini da al'ada, kuma gwajin Dandora ma haka aka yi shi.

Zaman ya kasance na awa guda, sau ɗaya a mako biyu, a lokacin da kasuwa ta lafa, a wurin da ba a jin magana. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya nace a littafinsa na 1983 cewa irin wannan ganawa ta ƙaramin ce, shi zai zo da abin da za a tattauna. Makarantar zaure ta riga shi: ɗalibi ne yake zuwa da littafi ya buɗe inda ya tsaya. Littafin manaja shi ne makonsa. Ya zo da magana ɗaya da ya kasa faɗa, ko wadda ya faɗa ta ɓaci.

Mu ɗauka an yi asarar kwando arba'in na tumatir saboda mota ta kwana biyu a hanya, kuma manaja bai sanar ba. Jagora ba zai fara da wa'azi ba. Zai ce masa, ɗana, ɗauka ni ne Alhaji, ga waya, kira ni. Yaro zai fara da doguwar gaisuwa, ya zagaya, ya ambaci tsadar mai da halin direbobi, bai kai ga adadi ba. Sai jagora ya tsayar da shi: gaisuwa tana nan, ladabi yana nan, amma bayan gaisuwa faɗi abin da ya faru, faɗi nawa ne, faɗi abin da ka riga ka yi, sannan ka nemi umarni. A maimaita sau uku ko huɗu har harshe ya saba. A zama na gaba tambayar farko ita ce: ka kira shi? Me ya ce? Haka za a yi da gyaran na ƙasa: a ja shi gefe, a ambaci aikin ba halinsa ko garinsu ba, a bar shi ya yi bayani, a rabu a kan abin da zai yi gobe. Haka kuma da shiga ofis, da rubuta saƙon WhatsApp mai ɗauke da adadi da kwanan wata maimakon muryar minti bakwai da ba a iya komawa a nemo lissafi a cikinta.

Maigida fa? Ba za a yi wannan a bayan idonsa ba, in ba haka ba zai ɗauka ana zuga masa yaro. A nemi izininsa tun farko, a gaya masa a fili cewa ba za a kawo masa abin da aka tattauna ba, a kuma nuna masa ribarsa: labari zai riƙa iso masa da wuri. A nan fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai suke da rawar takawa, domin dattijon da suka gabatar ba a yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Ƙungiyar kasuwa tana iya ware wa jagora ɗan alheri daga kuɗin da take tarawa, ba albashi ba, abin goro da kuɗin mota, don zaman ya ɗore.

A sa wa zaman wa'adi tun ranar farko. Kram ta nuna cewa rabuwa mataki ne a cikin wannan alaƙa, kuma idan aka ƙi yin ta a kan lokaci takan zama gaba. Maƙwabtanmu Ibo a Alaba da Ladipo suna yanka wa yaron shago shekarun da zai yi kafin a sallame shi da jari, mu kuwa sau da yawa muna barin ranar yaye a hannun ganin damar maigida, har mutum ya yi furfura ana ce masa yaro. Shekara guda ta isa zagaye na farko, daga nan su biyun su zauna su yanke ko za a ƙara.

Ƙungiyar da ta fara wannan ta riƙe ɗan littafi tun daga watan farko, ta rubuta abu uku game da kowane manaja: yara nawa suka bar aiki a hannunsa cikin wata shida, rigima nawa ta kai gaban shugaban kasuwa, da kuma kwana nawa ke shiga tsakanin ranar da asara ta faru da ranar da mai dukiya ya ji. Na ukun sai an tambayi ɓangare biyu, manaja a Agege da Alhaji a gida, kowa dabam, sannan a gwada amsoshinsu.